Talo-talon daji na Amurka: abin da maharbi ke biya don a adana masa surar tsuntsun

Daga watan Maris zuwa Mayu na kowace shekara maharba a Amurka kan shiga daji neman talo-talon daji, tsuntsun da Faransawa ke kira dindon sauvage. Yawancinsu nama suke ci su wuce. Wasu kuwa sukan kai tsuntsun wurin gwanin da zai feɗe shi, ya gyara fatar tare da gashinta, ya ɗora ta a kan wani jiki na roba, ta yadda tsuntsun zai tsaya a ɗaki kamar mai rai. Sana'ar ita ce taksidami, taxidermie da Faransanci, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar shiryawa da fata. Kuɗin aikin yakan fara daga kusan dalar Amurka 100 ya haura 1,000, kuma mafi yawansa ladan hannu ne, kayan aikin ba su da tsada sosai.

Tsuntsun da ake magana a kai

Talo-talon daji, Meleagris gallopavo a sunan kimiyya, ɗan asalin Arewacin Amurka ne, kuma daga gare shi talo-talon gida ya fito. Namiji babba yakan kai kilo 5 zuwa 11, yana ɗauke da gashi tsakanin 5,000 zuwa 6,000. Abu uku maharba ke alfahari da su: jela mai gashi 18 da yake buɗewa kamar mafici, gemu da ke tsirowa a ƙirjinsa, da tsinin da ke bayan kowace ƙafa.

A shekarun 1930 tsuntsun ya kusa ƙarewa saboda yawan farauta da saran daji. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa aikin kare namun daji, aka riƙa kamo tsuntsaye daga inda suka rage ana sakinsu a sababbin wurare. A 1973 aka kafa ƙungiyar National Wild Turkey Federation, mai hedkwata a Edgefield ta jihar South Carolina. Yau ana ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 6, kuma ana farautarsu a dukan jihohin ƙasar ban da Alaska.

Ire-iren aikin da farashinsu

Dalar da ake nufi a nan ta Amurka ce, ba dalar kasuwar Nijar mai daidai da CFA 5 ba. An yi lissafin a kan dalar Amurka ɗaya CFA 600, ko da yake canji yana hawa da sauka, farashi kuma ya bambanta daga shago zuwa shago.

Mafi araha shi ne jela da gemu a kan allon katako. Maharbi na iya yi da kansa: ya sayi allon a kan dala 30 zuwa 60, ya cire nama da kitse daga gindin jelar, ya barbaɗa hodar boras, ya baza gashin ya danne da ƙusoshi har ya bushe. Idan gwani ne ya yi, yakan karɓi dala 100 zuwa 250, wato jika 60 zuwa 150.

Na tsakiya shi ne wanda ake haɗa jelar da fuka-fukai ko fatar baya gaba ɗaya, ko kuma rabin jiki daga ƙirji zuwa kai a rataye a bango. Wannan yakan faɗa tsakanin dala 300 da 600.

Mafi tsada shi ne cikakken jiki. Galibi yana kamawa daga dala 700 zuwa 1,200, wato jika 420 zuwa 720, kuma gwanayen da suka yi suna a gasa sukan wuce haka. Tsayuwar da aka zaɓa ma tana ƙara kuɗi: tsuntsu mai tunƙaho, jela a buɗe, gashi a tashe, ko mai tashi sama da fuka-fukai a miƙe, ya fi wanda yake tsaye kawai cin lokaci. Dakalin da ake ƙawata shi da reshe, ganye da ƙasa, ko akwatin gilashi, kuɗinsu daban ne.

Me ya sa yake da tsada

Aikin ya bambanta da jimar da majema ke yi wa fatar akuya. Fatar tsuntsu siririya ce, tana yagewa da sauƙi, ga talo-talo da kitse mai yawa a ƙirji. Bayan fiɗa sai an kankare kitsen daga tsakanin saiwoyin gashi, domin abin da aka bari zai tsatso daga baya ya ɓata gashin, ya yi wari, ya jawo ƙwari. Sannan a wanke fatar da sabulu sau da yawa, a busar da iska, a sa boras, a ɗora ta a kan jikin roba mai tauri daidai da awon tsuntsun. Ana zura waya a ƙafafu da fuka-fukai, a ɗinke, a jera gashi sahu-sahu da allurai da kwali, a bar shi makonni yana bushewa.

Kai shi ne mafi wuya. Ba shi da gashi, kuma launinsa na ja, shuɗi da fari yakan dushe da zarar tsuntsun ya mutu. Saboda haka ko dai a busar da kan na gaske a cikin injin da ke janye ruwa a tsananin sanyi, ko a sayi na roba, sannan a yi masa fenti da hannu a sa idanun gilashi. A nan ake gane aikin gwani da na ɗan koyo.

Yawancin shaguna sukan nemi kafin alƙalami, galibi rabin kuɗin. Jira kuma yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda ko fiye, don shago ɗaya ne ke karɓar bareyi, kifi da tsuntsaye, kowa yana bin layi.

Inda maharbi ke jawo wa kansa asara

Tun a daji ake gyara aikin ko a ɓata shi. Talo-talon da aka harba yakan yi ta bugun ƙasa da fuka-fukai, gashi ya karye ko ya zube. Gwani na iya wanke jini, amma gashin jela da ya karye sai an nemo wani a maye gurbinsa, wannan kuma ƙarin kuɗi ne. Don haka ake shawartar maharbi ya riƙe ƙafafun nan take, ya tsince gashin da ya zube, ya cusa auduga ko takarda a baki, ya naɗe kan a leda don kada jini ya taɓa jiki, ya kare jelar tsakanin kwalaye biyu. Kada ya farke cikin da kansa. Idan ba zai isa shago a ranar ba, sai ya sa tsuntsun a firiza, domin zafi yana sa fata ta fara ruɓa gashi ya riƙa sulluɓewa, kuma wannan ba shi da gyara.

Dokoki da kuɗin da ba a gani

Jihohi ne ke tsara farautar talo-talo, kowace da lasisinta, kuma baƙon da ya zo daga wata jiha yakan biya ninkin abin da ɗan gida ke biya sau da yawa. Dokar Lacey ta 1900 ta haramta ketare iyakar jiha da dabbar da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, shi ya sa shaguna ke neman lambar lasisi kafin su karɓi aiki. Masu burin abin da ake kira Grand Slam sai sun harbi iri huɗu: Eastern, Rio Grande, Merriam's, da Osceola wanda a Florida kaɗai ake samunsa. Wanda ya so a adana masa duka huɗun da cikakken jiki zai biya kusan dala 3,000 zuwa 5,000, ban da kuɗin tafiya da na ɗan jagora.

Bayan an kawo shi gida

Hasken rana yana dusashe gashi, laima tana kawo fumfuna, asu da ƙananan ƙwari masu cin fata kuma su ne manyan abokan gaba. A da da sabulun arsenik ake kare fatun tsuntsaye, wanda Jean-Baptiste Bécoeur, wani mai haɗa magunguna a birnin Metz na Faransa, ya ƙirƙiro a ƙarni na 18. Guba ce, shi ya sa aka daina aiki da ita, kuma gidajen tarihi ke taka-tsantsan da tsofaffin tsuntsayensu. Aikin zamani da aka kankare kitsensa da kyau, aka ajiye a inuwa, ana share masa ƙura a hankali ta inda gashi ya kwanta, yakan yi shekaru gommai bai lalace ba.