DUTSEN TAIMAKO: YADDA IYAYENMU SUKA KOYI DOGARA GA UBANGIJI

Da kwamitin biki ya roƙe ni in rubuta ɗan tarihi domin cikar ikilisiyarmu shekara 50, na ga ya dace in koma baya, zuwa lokacin da bishara take neman hanyar shigowa ƙasarmu. Gama wanda bai san inda aka faro ba, ba zai san abin da zai gode wa Allah dominsa ba.

Ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka a Ikko, wato Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Nufinsu su kai bishara yankin da a wancan zamani ake kira Sudan, wato ƙasashen da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Babu ƙungiyar mishan da ta yarda ta aike su, kuɗin hannunsu kuma kaɗan ne. Zazzaɓi ya kama Bingham, aka bar shi a baya, sauran biyun suka nufo arewa. Kafin shekarar 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, cikin Jihar Kaduna ta yau, Kent kuma ya rasu a Bida. A 1895 Bingham ya koma gida. Bai bar ikilisiya ko ɗaya ba, sai kaburbura biyu.

A nan ne makarantar addu'a ta fara. Bingham bai ɓoye ba cewa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai, domin sun roƙi Allah, sun kuma gaskata, duk da haka abokansa suka mutu. Amma mahaifiyar Gowans, wadda take zaune a Toronto, ba ta yi gunaguni ba. Ta ci gaba da addu'a domin ƙasar da ta cinye ɗanta. Bingham ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tashar farko a Patigi, bakin Kogin Kwara, a 1902, fiye da shekara takwas bayan saukarsu a Ikko. Shi ya sa mishan ɗin da ta fito daga wannan wahala, wato SIM, ta ɗauki kalmomin nan su zama takenta: ta wurin addu'a.

Ku lura da abin da suka koya. Da fari, jinkirin Allah ba ƙi ba ne. Na biyu, dogara ga Allah ba ya hana mutum amfani da abin da Allah ya tanada. Waɗanda suka biyo baya sun yi addu'a, sun kuma sha kwinin. Dakta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sani da Bature Mai Magani, ya bar sana'arsa ta sayar da magani a Kanada ya zo a 1902, ya yi hidima har ya rasu a Jos a 1948. Yana cikin waɗanda suka yi aiki tare da Dakta Walter Miller na Zariya har aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932.

Daga nan darasin ya zo kan iyayenmu. A 1954 aka kafa ECWA, a 1976 kuma SIM ta miƙa mata ayyukanta. Mutane da yawa suka ce in Bature ya janye hannu aikin zai mutu. Cikin irin wannan lokaci ne aka haifi ikilisiyar nan tamu. Ina ɗan saurayi a lokacin, na kuwa gani da idona. A rumfar zana muke sujada, in ruwa ya sauko sai kowa ya rungume Littafinsa a ƙirji. Akwai watan da baiko bai isa a ba mai bishara abin da zai ciyar da iyalinsa ba. Dattawa ba su da wanda za su rubuta wa takarda, sai suka kira addu'ar asuba. Bayan addu'a kuma ba su naɗe hannu ba. Matan Zumunta suka riƙa ware ɗan hatsi daga abin da za su daka, suna kawowa ranar Lahadi, maza suka buga tubali, mu yara muka ɗebo ruwa. Haka aka ɗaga bangon farko.

'Yan'uwa, ga abin da yake damuna a wannan biki. Yau muna da gini, da kujeru, da kayan kiɗa, da 'ya'ya masu ilimi. In bukata ta taso, abin da muke fara tambaya shi ne wa za mu gayyata ya zama babban baƙo a taron tara kuɗi. Taron addu'a na tsakiyar mako kuwa, tsofaffi kaɗan ne suke riƙe da shi. Iyayenmu rashi ne ya koya musu durƙusawa. Mu fa da muke da abin hannu, me zai koya mana?

Cikin littafin Sama'ila na fari, sura 7, bayan Ubangiji ya ceci Isra'ila daga Filistiyawa, Sama'ila ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako, domin kada na baya su zaci ƙarfinsu ne ya yi. Bari wannan biki ya zama mana irin wannan dutse. Ina roƙon kowane gida ya tayar da addu'ar iyali, kowane mai bi kuma ya komo taron addu'a, mu koya wa 'ya'yanmu su kai kukansu ga Allah tun kafin su kai ga mutum.

Ubangiji wanda ya taimaki iyayenmu ya riƙe mu har zuwa komowarsa. Amin.