Afrem na Suriya da Wa'azin Lu'ulu'u

An haifi Afrem wajen shekara ta 306 a Nisibis, birnin da ke kan iyakar daular Roma da ta Farisa, a kudancin Turkiyya ta yau. Ya tashi a ƙarƙashin Bishop Yakubu, wanda ya halarci taron Nisiya a 325. Shi kansa bai wuce matsayin dikin ba har ya mutu. A 363 Romawa suka miƙa Nisibis ga Farisawa, aka fitar da Kiristocin birnin, Afrem ya koma Edessa da zama. Can ya yi shekaru goma na ƙarshen ransa.

Ikkilisiyar da ya tarar a Edessa a rarrabe take. Mabiyan Ariyus suna musun allahntakar Ɗa, ga almajiran Markiyon da na Mani, ga kuma mutanen Bardaisan, wanda ya rasu tun 222 amma waƙoƙinsa suna nan a bakin jama'a. Afrem ya lura cewa abin da mutum ya rera ya fi zama a zuciyarsa fiye da abin da aka yi masa gardama a kai. Sai ya zuba koyarwarsa cikin waƙa da harshen Suriyanci. Waƙoƙinsa wajen 400 sun kai gare mu. Yakubu na Serug, wanda ya rayu bayansa, ya shaida cewa mata ya koya wa su rera su a sujada.

Inda ya kamata mai wa'azi ya dakata shi ne waƙoƙi biyar da ya yi a kan lu'ulu'u, wanda Yesu ya kwatanta mulkin sama da shi a Matiyu 13. Yawancinmu da mun ce mulkin Allah yana da tsada, mu wuce. Afrem kuwa ɗora lu'ulu'un ya yi a tafin hannu, yana jujjuya shi. Ya ga kowane gefe haske yake bayarwa, ya tuna da Ɗa wanda dukkansa haske ne, ba kuwa mai iya bincikensa har ƙarshe. Ya duba masu nutso da ke tuɓe riga su shafa mai kafin su shiga teku, ya ga baftisma da manzanni masunta. Ya lura sai an huda lu'ulu'u kafin a rataya shi, ya tuna da ƙusoshin gicciye. Duk wannan daga abu ɗaya da ya ƙi saurin ajiyewa.

Kada a ɗauka ado ne kawai. A ganinsa Allah ya yafa sunaye da kamanni irin namu don mu iya jinsa, halitta da Littafi Mai Tsarki kuwa shaidu biyu ne. Laifin da ya ga mabiyan Ariyus sun yi shi ne neman auna Allah da mudun hankali. Gaskiya, wani lokaci yakan ja misali har ya yi nisa, kuma kalamansa masu zafi a kan Yahudawa ba abin koyi ba ne.

Da yunwa ta faɗa wa Edessa, masu dukiya suka ƙi buɗe rumbunansu, wai ba wanda za su amince wa. Faladiyus ya rubuta cewa Afrem ya karɓi amanar, ya shirya gadaje wajen 300 domin marasa lafiya da baƙi. Ba da daɗewa ba ya rasu, a watan Yuni na 373.