Ƙanƙara, Mahuta da tagogin makarantarmu: zare

1/ Jiya a hira wani ya ce mu ƴan Baure ba ruwanmu da zancen tsaron makarantu, tunda dajin Rugu ya yi mana nisa. Ku biyo ni mu koma 2020.

2/ Daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, ƴan bindiga a kan babura suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora yara cikin daji da ƙafa. A ranar ne Shugaba Buhari ya sauka Daura, nan kusa da mu. Shugaban ƙasa na jihar, aka kwashi ɗalibai ɗari-ɗari. Har yau abin na ba ni mamaki.

3/ Ranar 17 ga wata aka sako yara 344. Alhamdulillahi.

4/ Kuma fa ba farau ba ne. Chibok, Afrilun 2014, ƴan mata 276. Wata guda bayan nan aka ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja, har da Gordon Brown, tsohon firaministan Birtaniya. Duk da haka aka yi Dapchi a 2018.

5/ Maganin gaggawa da Gwamna Masari ya kawo shi ne rufe makarantun kwana na jihar gaba ɗaya. Ban ga laifinsa ba a lokacin. Amma nan ne abin ya iso ƙofarmu.

6/ Makaranta in ta zama kufai, ɓarawon gida ke fara shiga. Wata da na sani a yankinmu, ko katanga babu, maigadi tsoho ɗaya da tocila. Da aka koma, an ɓalle tagogi, an kwashe bencina, wani aji ko kwano babu. Ba ɗan daji ba ne ya yi wannan, jama'a.

7/ Labarin da aka manta shi ne na Mahuta, a ƙaramar hukumar Ɗandume. Kwana biyu da sako yaran Ƙanƙara, aka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 suna dawowa daga Mauludi. Labari ya isa gari da wuri, ƴan sanda da ƴan sintiri suka bi sawu, aka ƙwato su a daren.

8/ To ku ƴan garinmu, lambar wa maigadin makarantar ƙannenku zai kira ƙarfe biyun dare? Na tambayi namu. Ya ce wayarsa ba kati.