Kuza, Itacen Turare da Kasuwar Katako: Waiwaye Kan Dazuzzukan Jos

Tun kafin zuwan Turawa, al'ummomin tsaunukan Jos irin su Birom da Anaguta da Jarawa suna da kurame na tsafi waɗanda al'ada ta hana sarewa. Haƙar kuza da kamfanonin Ingila suka tsunduma ciki a farkon ƙarni na 20 ita ce ta sauya al'amarin. Dubban leburori, akasarinsu Hausawa, suka cika barikoki, kowane kuwa yana bukatar makamashi da sandunan bukka, har filaye suka zama fayau.

Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyara ƙasar da aka haƙe. Daga nan aka riƙa baje tarin ƙasa ana dasa itacen turare, baƙon ice daga Ostareliya, wanda ƙanshin ganyensa ya jawo masa wannan suna. Sai dai gandun ya zama na hukuma, alhali manoman da aka karɓe wa gonaki abinci suke nema. Bincike a shekarun 1980 ya kuma nuna cewa turare yana ƙara wa ƙasa tsami.

Duk da haka, icen ya shiga tattalin arzikin ƙauyuka ta hanyar girki da sandunan gini. Manyan gungume kuwa daga kurmi ake kawo su, injuna su tsaga a Laranto, inda sana'ar ta bunƙasa har kalmar “katako” ta zama sunan kasuwar.