Ayarin teku: masu koyo a tseren kewaya duniya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya ji labarin ayarin gishirin Bilma: madugu ɗaya, mabiya da yawa, ruwan sha a ƙididdige. Teku ma tana da nata ayarin.

A watan Satumba na 1973, jiragen ruwa 17 masu filafilai, waɗanda iska kaɗai ke turawa, suka tashi daga Portsmouth ta Ingila a tseren Whitbread na kewaya duniya, da zango a Afirka ta Kudu, Ostareliya da Barazil. Yawancin matuƙan ba sana'arsu ba ce. Wanda ya ci tseren, Ramón Carlín, ɗan kasuwar Meziko ne, kuma ɗansa na cikin jirgin. Mutum uku suka faɗa teku a hanya, ba su komo gida ba.

Da kamfanoni suka zuba kuɗi, sai ƙwararru suka mamaye fagen. Chay Blyth a 1992, da Robin Knox-Johnston mai tseren Clipper a 1996, su suka sake buɗe ƙofa. A Clipper, malami ko likita kan biya kuɗi, a horar da shi makonni huɗu, ya bi ƙwararren shugaban jirgi.

A cikin jirgi ana aikin karɓa-karɓa dare da rana. Mutum biyu ke raba gado ɗaya, tufafi ba sa bushewa, wanda ya hau sama kuwa sai ya ɗaure kansa da igiya saboda raƙuman ruwa. Gurbi kaɗai kuɗi ke saya. Kamar a Tenere, wanda ya yi gyangyaɗi lokacin gadinsa rayukan ƴan'uwansa ya sa a caca.