Aswaki, Sukari da Turmin Shekara Shida: Nazari kan Haƙoran Yara a Ƙasar Hausa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 3.5 ne ke fama da wata cuta ta baki ko ta haƙori, kuma yara fiye da miliyan 500 na da ruɓa a haƙoransu na fari. Wanda ya san ƙasar Hausa zai yi zaton wannan lissafi ba zai taɓa mu sosai ba. Jama'ar da ke kuskure baki a kowace alwala, waɗanda aswaki sunna ce a wurinsu, me zai kai su layin cire haƙori? Ga dukkan alamu, tsaftar bakin da muka gada ta manya ce, kuma ta kafu ne a zamanin da zaƙi ke da wuyar samu. Cimar yara ta sauya, ita kuwa tana nan inda take.

Sai an san yadda haƙori ke ruɓewa kafin a gane haka. Babu wata tsutsa da ke cinsa, duk da abin da masu tallar magani ke nunawa a bakin kasuwa. Tun 1890 wani likitan haƙori Ba'amurke mai aiki a Jamus, W. D. Miller, ya bayyana cewa ƙwayoyin halitta da ke zaune a baki su ne ke cin sukari, su fitar da tsami, tsamin kuma ya narkar da farin ɓawon da ke rufe haƙori. A shekarun 1940 wani mai bincike, Robert Stephan, ya auna abin da ke faruwa bayan an sa zaƙi a baki: cikin 'yan mintuna tsamin ya kai matakin da ɓawon ke fara zaizayewa, kuma yawu na bukatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya daidaita bakin. Binciken Vipeholm da aka yi a Suwidin daga 1945 zuwa farkon shekarun 1950, wanda a yau ake Allah wadai da shi domin an gudanar da shi kan masu rangwamen hankali ba da yardarsu ba, ya tabbatar da abin da ya fi shafar iyaye. Sukarin da aka ci tare da abinci ɓarnarsa kaɗan ce. Wanda ake tsotsa tsakanin abinci da abinci, musamman mai manne wa haƙori, shi ne mugu.

A auna yinin yaron birni da wannan ma'auni. Da safe shayi da burodi ko koko mai sukari. Kuɗin tara ya tafi ga biskit da cingam. Bayan an tashi, zoɓo ko kunun aya a leda. A hanyar Islamiyya alawa. Da dare baƙo ya zo da lemon kwalba. Babu ɗaya cikinsu da ya yi yawa shi kaɗai, amma bakin yaron bai samu hutun awa biyu a jere ba. Kakanninsa ma sun sha zaƙi: rake a lokacinsa, zuma, dabino, alkaki da nakiya a biki ko salla. Sai dai wannan zaƙi na da ranarsa, sauran kwanaki tuwo ne da fura. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, wato wajen ƙaramin cokali 12 ga babba. Kwalbar lemo guda kan cinye fiye da rabin wannan. Najeriya ta sa harajin naira 10 kan kowace litar lemon zaƙi a Dokar Kuɗi ta 2021, adadin da ba na jin ya taɓa hana kowa saye.

Shi aswaki bai cancanci raini ba. Binciken da aka yi kan itacen arak, wanda mahajjata ke zuwa da shi tsaraba, ya nuna cewa in an iya amfani da shi yana cire dauɗa kusa da yadda buroshi ke yi. Darbejiya da marke ma suna yin aikin. Matsalar tana ga yadda ake riƙe shi. Da yawa sukan maƙala shi a gefen baki suna hira, su dirji haƙoran gaba har dasashi ya ja baya, turamen ciki kuwa ko taɓa su ba a yi ba. Uwa uba, ba a miƙa wa ɗan shekara biyu aswaki. Yaro kan fara shi ne idan ya soma kwaikwayon mahaifinsa, lokacin kuwa an riga an yi nisa. Gawayi da toka suna haskaka haƙori, amma ta hanyar kankare ɓawon da ba ya sake tsirowa.

Abin da makilin ya fi aswaki da shi ba kumfa ba ne, sinadarin fuloraid ne, mai taimaka wa ɓawon haƙori ya mayar da abin da tsami ya cinye. Man da ke aiki shi ne mai ɗauke da kashi 1,000 zuwa 1,500 cikin miliyan, kuma ana rubuta adadin a jikin kwali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, gwargwadon ƙwayar shinkafa ya isa. Daga uku zuwa shida, gwargwadon ƙwayar wake ƙarama. Sau biyu a yini, na dare ya fi muhimmanci domin yawu na raguwa a barci. A tofar, kada a kuskure da ruwa. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi saɓa wa abin da muka saba.

Amma a yankinmu maganar fuloraid tana da tabo. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan burtsatsen da aka ba garin tun tsakiyar shekarun 1980 ya zo da sinadarin ninkin-ba-ninkin iyakar miligiram 1.5 a lita, kuma yara da yawa suka tashi da ƙafafu a karkace da haƙora masu tsatsa. A Langtang ta jihar Filato ma an san irin waɗannan haƙora. Saboda haka dabarar zuba fuloraid a ruwan famfo, wadda aka fara a Grand Rapids ta Amurka a 1945, ba abin kwaikwaya ido rufe ba ce a inda kowace unguwa ke shan rijiyarta. Nan bukata ita ce a auna ruwan kafin a ba jama'a, fuloraid ɗin kuma ya zo ta makilin, inda ana iya ƙayyade shi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne cewa haƙoran fari ai za su zube. Guda 20 ne, sukan fara fitowa wajen wata shida, wasunsu kuma ba sa faɗuwa sai yaro ya kai goma sha ɗaya ko sha biyu. Su ke riƙe wa na dindindin gurbi. Sannan a shekara shida, daidai lokacin da hankalin gida ke kan giɓin famfara a gaba, wani turmi na fitowa can baya ba tare da ya ture kowa ba. Na dindindin ne, ba shi da magaji. Iyaye kan ɗauka cikin na fari yake, su bar shi ya yi kogo, sai zogi ya hana barci a nufi asibiti. A lokacin sau da yawa cirewa ce ta rage, kuma ta haka likitan haƙori ya zama mai cire haƙori a idon jama'a. Alhali ana iya toshe ramukan saman wannan turmi tun yana sabo, ba allura ba zafi. Har yaro ya kai bakwai ko takwas, hannun babba ya kamata ya bi bayan nasa wajen gogewa.

A gefe guda kuma ana ɗora wa fitar haƙori laifin da ba nasa ba. Gudawa da zazzaɓi mai zafi ba aikin haƙori ba ne, kuma jiran "ya fasa" ya jinkirta kai jarirai da yawa asibiti. Maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda guba ta gurɓata a 2008, ya kashe yara 84 a Najeriya.

Ƙarshen sakaci da tsaftar baki, idan ya haɗu da yunwa da ƙyanda, shi ne noma, cutar da ke cinye kunci da leɓen yara 'yan shekara biyu zuwa shida. Akwai asibitinta a Sakkwato tun 1999, ƙungiyar Sentinelles na jinyar masu ita a Damagaram, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Farkonta dasashi ne mai jini da warin baki, matakin da wanke baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki ke tsayar da ita. Likitocin haƙori kaɗan ne kuma a birane suke, ba za su ga wannan mataki ba. Wadda za ta iya gani ita ce ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi da ake kawo wa jariri allurar ƙyanda a wata tara, lokacin da haƙoransa na farko suka fito. Ɗaga leɓensa ta duba, ta nuna wa uwar yadda ake gogewa, ba zai ci mata minti biyu ba.