Yaƙin Badme a Ma'aunin Ra'in Rikici

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. Kusan a kan wannan fahimta ce aka gina ra'in rikici, wanda ya samo tushe daga rubuce-rubucen Karl Marx. Ra'in yana kallon al'umma a matsayin rukunoni masu gasar mallakar dukiya da mulki. Max Weber ya ƙara martaba a cikin abubuwan da ake gasa a kansu, shi kuwa Lewis Coser a 1956 ya nuna cewa faɗa da abokin gaba na waje kan haɗa kan mutanen gida. A wannan maƙala za mu ɗora yaƙin Habasha da Eritiriya na 1998 zuwa 2000 a kan wannan ma'auni.

A zahiri, a kan ƙaramin garin Badme aka yi yaƙin. Yarjejeniyoyin da Italiya ta ƙulla da Sarki Menelik na Biyu a 1900 da 1902 da 1908 sun zana iyakar a takarda, amma ba a kafa alamominta a ƙasa ba. Duk da haka, lokacin da Eritiriya ta sami 'yanci a 1993 ba a ta da jijiyar wuya a kan Badme ba, domin mayaƙan Isaias Afwerki da na Meles Zenawi ne suka taru suka kifar da gwamnatin Mengistu a 1991. To, me ya raba aminan jiya?

Idan muka bi sawun dukiya, za mu ga cewa 'yancin Eritiriya ya raba Habasha da Bahar Maliya, ya bar ta tana dogaro da tashoshin Assab da Massawa. A 1997 Eritiriya ta fito da kuɗinta, nakfa, ta daina amfani da bir na Habasha. Habasha kuwa ta ce daga nan sai dai a riƙa manyan cinikayya da dala. Ba a cika shekara ba, a watan Mayu na 1998, sojojin Eritiriya suka shiga Badme.

Sai dai dukiya kaɗai ba za ta bayyana zafin yaƙin ba, don kuwa abin da aka kashe a kansa ya ninka darajar Badme sau ba adadi. Nan ne maganar Weber take da amfani. Kowane ɓangare yana ganin shi ne babban wa a gwagwarmayar da aka yi tare, saboda haka ja da baya ya zama zubar da girma. Dubun dubatar sojoji suka halaka a ramukan yaƙi, kuma kowace ƙasa ta kori dubban mutane masu asali da ɗaya ƙasar.

Maganar Coser ma ta tabbata, amma masu mulki ne suka ci moriyarta. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Aljeriya a Disamba 2000, gwamnatin Eritiriya ta tsare manyan jami'an da suka soki Isaias a Satumba 2001, ta rufe jaridu masu zaman kansu, ta kuma jingine tsarin mulkin 1997, duk da sunan tsaron ƙasa. Hukumar iyaka ta yanke hukunci a 2002 wanda ya bai wa Eritiriya Badme, amma Habasha ta ƙi janyewa, har sai da Abiy Ahmed ya amince da hukuncin a 2018.

Abin da muka fahimta shi ne, Badme dandamali ne kawai da aka taka wasan a kansa. Jigon kuwa kuɗi ne da mashigar teku da girman kai da kujerar mulki. Don haka, duk lokacin da shugabanni suka kira talakawa su mutu saboda taƙi ɗaya na ƙasa, ya kamata manazarci ya fara tambayar wane ne zai ƙaru idan ƙura ta lafa.